Ɗan Katolika zai iya ba wa ministirin 'yan bishara kuɗinsa? Ga yadda nake tantancewa

Ran Lahadi bayan Mas wata ƙanwata 'yar Kafanchan da ke sai da doya a Mile 12 ta tare ni a bakin get, ta ce "Yaya, akwai wani fasto da ke turo min saƙo a WhatsApp wai in riƙa sa dubu biyar duk wata don aikin bishara a Arewa, in na bayar na yi zunubi?" Tambayar nan na sha jin ta, don mu da muka taso a Kaduna ta Kudu ko Filato ko Adamawa da wuya ka ga gidan da babu ɗan cocin Furotesta irin su ECWA ko COCIN ko EYN a ciki, kuma a nan Legas ma tare muke zama a Agege da Obalende da barikin Ojo. Abun da na gaya mata shi ne ba wa wanda ba ɗan Katolika ba kuɗi ba zunubi ba ne, amma dole ki san aikin da kuɗin zai je ya yi.

Ka fara da gida tukuna. Dokar Ekklesiya mai lamba 222 ta ɗora mana nauyin taimaka wa Ekklesiya da buƙatunta, kuma ta ce mu taimaki matalauta daga abun hannunmu. Toh ka duba, baikonka na Lahadi yana tafiya? Ka sa wani abu a girbi? 'Yan St. Vincent de Paul na parish ɗinka da ke biya wa gwauraye kuɗin haya da magani, ka taɓa leƙa su? Katikis ɗin ƙauyenku fa, wanda ke taka keke ko babur zuwa majami'u uku huɗu? Idan aikin bishara ne ke cin ranka, muna da Lahadin Mishan duk watan Oktoba. Sai ka sauke wannan kafin ka duba waje.

Daga nan sai ka tambayi mai roƙon kai tsaye, kuɗin nan me za a yi da shi? Majalisar Vatican ta Biyu tun 1964 ta ƙarfafa mu mu haɗa hannu da sauran Kiristoci wajen yaƙi da yunwa da talauci da jahilci, kuma Katolika na cikin CAN, ƙungiyar Kiristocin Najeriya, tun kafa ta a 1976. Saboda haka in asibiti ne, ko rijiya, ko abincin 'yan gudun hijira, ni dai hannuna a buɗe yake. Asibitin ido na ECWA a Kano ba ya tambayar ɗarikarka kafin ya duba ka, haka asibitin Jankwano a Jos da ke yi wa mata masu yoyon fitsari aiki. 'Yan EYN kuwa kowa ya san irin wahalar da suka sha a hannun Boko Haram, akasarin 'yan matan Chibok da aka sace a 2014 'ya'yansu ne, in ɗan'uwa daga can ya miƙo hannu don marayu ban ga yadda zan tsaya ina tambayar ko yana yin Rosari ba.

Inda nake riƙe hannuna shi ne ministirin da aikinsa ya haɗa da janye 'yan Katolika. Akwai su, kuma ba sa ɓoyewa, za ka ji suna cewa muna bautar Maryamu, muna sujada ga gumaka, ba mu sami ceto ba tukuna, sai su je ƙauyen da Fada ya shekara talatin yana Mas su ce wai wurin bishara ba ta kai ba. Idan ka ba irin waɗannan kuɗi, kai da kanka ka sayi man motar da za ta je ta gaya wa mahaifiyarka cewa baftismarta banza ce. Gane su ba wuya. Ka zauna ka saurari wa'azinsu biyu ko uku a Facebook ko YouTube har ƙarshe, kar ka tsaya a guntun bidiyon da suka turo. Sannan ka yi wa faston tambaya ɗaya cikin ladabi, "Baba Fasto, a wurinku ɗan Katolika Kirista ne?" In ya fara kewaye-kewaye ka riga ka samu amsa.

Mai wuyar shi ne wanda ya haɗa biyun, yana da kilinik yana kuma dasa coci, kuma duk asusu ɗaya. A nan ka nemi a ware, ka ce naka na magani ne kawai, in sun ce ba sa warewa sai ka ba da kaya maimakon kuɗi, buhun shinkafa ko masara, gidan sauro, littattafan makaranta, ko ka biya kuɗin asibitin mara lafiyan kai tsaye ka karɓi rasit. Na san wani zai ce ai in ka ɗauke musu nauyin magani ka bar musu kuɗin yin wancan, gaskiya ne, shi ya sa in hankalinka bai kwanta ba ka bi ta Caritas ko JDPC, hukumomin agaji na Katolika, na dayosis ɗin da mabukatan suke, taimakon zai kai ga mutanen nan ɗin dai.

Maganar raba Littafi Mai Tsarki ma tana yawan zuwa. Juyin Hausa na 1932 aikin mishan na Furotesta ne kuma duk mun ci moriyarsa, ba na raina wannan sam. Sai dai ka sani nasu littattafai 66 ne namu 73, babu Tobit da Judit da Makabi da sauransu a ciki, don haka in yaran katikisim za ka saya wa ka nemi mai cikakken 73.

Sai kuma hattara irin ta Legas. Kafin ka danna transfa ka duba sunan da ya fito, in ministiri ne me ya sa akawun ɗin na mutum ɗaya ne? Suna da rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi? Akwai wanda ka sani da ya ga aikin da idonsa? Mai ambulan a cikin danfo da mai cewa ka shuka iri na dubu hamsin ka samu biza ko miji cikin kwana bakwai, waɗannan ko sisi, alherin Allah ba a sayensa. Ni kaina na taɓa tura kuɗi don wani gidan marayu da aka nuna min a hoto, da na sa ɗan'uwana ya je ya duba sai ya tarar da fili da kaji, abun ya yi min ciwo sosai don kuɗin makarantar ɗana na taɓa.

Gudummawar biki ko jana'iza ko rufin cocin kawunka na ECWA a ƙauye, wannan zumunci ne, ka ba da abun da za ka iya, in kana shakka ka tambayi Fada bayan Mas.

Ita ƙanwar tawa ta kira faston ta yi masa tambayar, ya ce mata 'yan Katolika su ne filin bishararsu na farko. Yanzu dubu biyar ɗin ta raba, uku ga katikis ɗin ƙauyensu, biyu kuma ga wata maƙwabciyarta 'yar EYN daga Michika da ke riƙe da marayu huɗu a ɗaki ɗaya a Ketu.