Yadda Ake Lissafa Rabon Fayon Mara Caji a Maganadisun Muwon

Duk wanda zai kwatanta awon ƙarfin maganadisun muwon (ƙwaya irin elektron amma ta fi shi nauyi) da cibiyar binciken Fermilab ta Amurka ta kammala a 2025 da abin da ka'ida ta hango, dole ya lissafa ɗan rabon da fayon mara caji ke bayarwa. Wannan ƙwaya ta fayon, mai nauyin kusan 135 MeV (eV ma'aunin kuzarin ƙwayoyi ne; MeV miliyan ɗinsa, GeV biliyan), tana bayyana ta ɓace tsakanin fotonin (ƙwayoyin haske) da ke kewaye da muwon, kuma abin da ake buƙata shi ne ma'aunin haɗuwarta da foton biyu a kowane matakin kuzari.

A fara da kafa tushe. Kusan kashi 99 cikin 100 na fayon mara caji yana wargajewa ne zuwa foton biyu, kuma awon PrimEx-II na ɗakin binciken Jefferson, wanda ya ba da faɗin wannan wargajewa (ma'aunin saurinta) kusan 7.8 eV, shi ke tsayar da ƙimar ma'aunin a inda Q², wato gwargwadon yadda foton ya kauce daga foton na gaske, yake sifili. Daga nan sai a tattaro bayanan gwaje-gwajen CELLO, CLEO, BaBar da Belle, waɗanda suka auna yadda ma'aunin ke raguwa idan ɗaya daga cikin fotonin na wucin gadi ne, wato Q² ɗinsa ba sifili ba ne.

A nan ne ya kamata mai lissafi ya yi hattara da inda zai zuba ƙoƙarinsa. Saɓanin da ke tsakanin awon BaBar na 2009 da na Belle na 2012 ya ja hankali ƙwarai, amma can sama yake, wajen 10 GeV², alhali mafi yawan rabon yana fitowa ne daga ƙasa da kusan 1 GeV. A ganina, ɓata lokaci a kan wannan gardama tamkar barin jaki ne ana dukan taiki. Babban giɓin shi ne yanayin da fotonin biyu duka na wucin gadi ne, wanda ake cike shi da lissafin raga, wato lissafa ka'idar a kan ɗigo-ɗigon da aka jera kamar raga, a manyan kwamfutoci, ko da bayanan karon elektron da fozitron, kishiyar elektron.

Bayan haka sai a saka ma'aunin cikin jimla mai fuska uku da ke tara rabon daga dukkan matakan kuzari, a tabbatar yana sauka kamar 1/Q² a sama, sannan a duba alamar sakamakon, ta ƙari ce ko ta ragi, sau biyu, domin kuskuren alama ya daɗe a lissafe-lissafen farko kafin Knecht da Nyffeler su gyara shi a 2001. Amsar da ta faɗa tsakanin 60 da 63 × 10⁻¹¹ ta dace da ta rukunin masu bincike na Mainz a Jamus da ta Hoferichter da abokan aikinsa.