Yadda Ake Zaɓen Mai Ɗaukar Hoton Biki Ko Na Iyali

Hotunan da mai ɗaukar hoto yake sakawa a Instagram ko Facebook zaɓaɓɓu ne daga cikin dubbai. Wanda ya danna kyamara sau dubu biyu a biki guda ba zai rasa goma masu kyau ba, ko da kuwa bai ƙware ba. Saboda haka abu na farko da za ku nema wurin duk wanda kuke tunanin ɗauka shi ne cikakken aikin biki biyu ko uku, daga hoton farko zuwa na ƙarshe, kamar yadda ya miƙa wa masu shi. Idan ya fara kame-kame, ko ya ce sai dai ku duba shafinsa, ku nemi wani. Gani ya kori ji.

Ku roƙi a nuna muku bikin da aka yi a wuri mai kama da naku. Wanda ya iya aiki a fili da yamma, lokacin da rana ta yi sanyi, ba lallai ne ya iya aiki a zauren taro mai duhu da fitilu kala-kala ba. Hasken yamma kusan kowa yana yi wa rana. Duhu ne ke bambance gwani da ɗan koyo.

Abin da za ku duba a cikin hotunan

Kada ku kalle su a waya kawai, domin ƙaramin allo yana rufa wa kuskure asiri. Ku buɗe su a kwamfuta, ku faɗaɗa fuska har ido ya cika allon. A hoton mutum, ido ne ya kamata ya fi komai fitowa tangaran. Idan kunne ko maɓallin riga ne ya fito sarai, ido kuma ya yi dishi-dishi, saitin ya kauce, kuma babu gyaran kwamfuta da zai mayar da shi daidai.

Sai launin fata, kuma a nan za ku daɗe. Gwaji mafi wuya ga kyamara shi ne mutum mai duhun fata sanye da fararen kaya. Idan mai hoto ya bi hasken tufafin, fuska za ta nutse cikin duhu. Idan ya bi fuskar ba tare da dabara ba, tufafin zai zama fari fat, aikin ɗinki da adon da ke jikinsa duk su ɓace. Gwani yana fitar da su biyun tare, ta hanyar ƙara haske a fuska da fitila ko juya mutumin ya fuskanci inda hasken yake fitowa. Ku kuma lura ko yana yawan goge fata har ta zama kamar roba, ko yana haskaka mutane har danginsu su kasa gane su. Wannan salo yana burge ido mako guda, amma bayan shekara ashirin abin da 'ya'yanku za su so gani shi ne fuskarku ta ainihi.

Ku jera hotuna biyar da aka ɗauka a ɗaki guda, ku ga ko launinsu ya yi daidai da juna. Idan riga ɗaya ta fito fara a nan, rawaya a can, shuɗi-shuɗi a na uku, mai aikin bai daidaita launin hasken ba, kuma a albam abin zai fito fili. Ku dubi gefen hotuna: an yanke yatsu ko ƙafafu? Akwai sandar lantarki da ta tsiro daga kan ango? Ku kuma ƙirga fuskokin dattawa da yara. Wasu masu hoto amarya da ƙawayenta kaɗai suke bi, su manta da kakar da ke zaune a gefe, alhali hotonta ne zai fi daraja nan gaba.

Akwai masu satar aikin wasu su saka a shafinsu. Ku ɗauki biyu ko uku daga cikin hotunansa mafiya kyau ku bincika su da Google Lens, manhajar da ke nemo inda hoto ya fito a intanet. Idan suka ɓullo da sunan wani a wata ƙasa, magana ta ƙare.

Wa zai zo ranar, kuma da me?

Ku yi wannan tambaya kai tsaye: wanda ya ɗauki hotunan nan da muka gani, shi ne zai zo? Gidajen hoto da yawa suna karɓar biki uku a rana ɗaya, maigidan ya je guda, yaransa su je sauran. Ba laifi ba ne idan an faɗa muku, amma sai ku ga aikin wanda za a turo, a kuma rubuta sunansa a yarjejeniya.

Sunan kamfanin kyamara, ko Canon ne ko Nikon ko Sony, ba shi ne abin tambaya ba. Abin tambaya shi ne me zai faru idan wani abu ya lalace. Mai ɗaukar biki ya kamata ya zo da kyamara biyu, domin idan ɗaya ta tsaya ana tsakiyar ɗaurin aure ba za a dakatar da jama'a a jira shi ba. Ya kamata kyamarar ta zama mai ramin katin ajiya biyu, an saita ta tana rubuta kowane hoto a katunan biyu lokaci guda. Kati yana mutuwa ba sallama, kuma wannan ita ce hanya mafi sauƙi da hotunan biki sukutum suke salwanta. Sai batura na ƙari da fitilar filasha aƙalla biyu.

Game da gilashin kyamara, ba sai kun zama masana ba, amma sanin kaɗan zai taimaka muku ku gane amsar da za a ba ku. Gilashi mai 24-70mm shi ne na aikin gaba ɗaya. Mai 70-200mm yana ba shi damar ɗaukar fuska daga nesa ba tare da ya tsaya a gaban jama'a ba. Mai 85mm ko 50mm da yake buɗewa sosai, kamar f/1.8, shi ne ke sa bayan mutum ya yi laushi, kuma yana shan haske da yawa a wuri mai duhu. To amma nan ne 'yan koyo suke faɗawa rami. Buɗewar f/1.8 siririn yanki kawai take fitarwa tangaran, don haka idan aka ɗauki mutum goma sha biyar a sahu uku da ita, sahun gaba zai fito, na baya su dushe. Hoton taro yana buƙatar ƙaramar buɗewa, f/5.6 zuwa f/8, tare da ƙarin haske. Ku faɗaɗa fuskar wanda ke sahun ƙarshe a hotunansa na taro, za ku san ko ya san wannan. Ku kuma dubi na gefe-gefe: gilashi mai faɗi sosai, idan aka matso da shi kusa, yana miƙe mutanen da ke bakin hoto su yi kamar sun ƙara ƙiba.

Idan ango da amarya za su shirya a wurare daban-daban a lokaci guda, ko baƙi sun haura ɗari da hamsin, ku nemi mai hoto na biyu. Mutum ɗaya ba zai ɗauki shigowar amarya da fuskar mahaifiyarta a daƙiƙa guda ba. Haka nan kada ku yarda mutum ɗaya ya haɗa hoto da bidiyo, ɗaya daga cikinsu zai sha wahala.

Ku zauna da shi kafin ku biya. Zai kasance kusa da ku tsawon yini, ya fi kowa ba ku umarni, don haka halinsa yana shiga cikin hoton. Wanda ya iya aikinsa shi ne zai riƙa yi muku tambayoyi: ƙarfe nawa za a fara, wurin yana da tagogi, an yarda a kunna filasha, su wa ba za a bari a baya ba. Wanda bai tambayi komai ba sai kuɗi bai shirya ba. Idan da hali, ku yi ɗan gajeren zaman hoto da shi kafin biki, za ku ga yadda yake tsayar da mutane da kuma ko yana cika alƙawarin lokaci.

Abin da za a rubuta

Kada ku ba da kafin alƙalami sai da takarda mai sa hannun ɓangarorin biyu. Ta ƙunshi rana da wuri, lokacin farawa da na tashi, da kuɗin kowace awa ta ƙari, tunda biki bai cika ƙarewa a kan lokaci ba. Ta faɗi mafi ƙarancin adadin hotunan da za a ba ku. Galibi masu ɗaukar biki suna miƙa tsakanin 50 zuwa 100 a kowace awa ta aiki, bayan sun cire waɗanda aka rufe ido da waɗanda suka maimaitu. A rubuta ranar miƙa aiki da kwanan wata, ba “nan ba da jimawa ba”. Mako huɗu zuwa takwas abu ne da aka saba gani a aikin biki, na iyali kuwa bai kai haka ba.

Kalmar “gyara” tana jawo saɓani sosai, don haka a fayyace ta. Daidaita haske da launi ya kamata ya shafi kowane hoto. Goge ƙurji, cire wani mutum daga baya ko gyara tufafi aiki ne na daban da ake yi wa 'yan kaɗan, kuma sau da yawa da kuɗinsa. Yawancin masu hoto ba sa bayar da ɗanyen fayil da ake kira RAW, sai JPEG da aka gama. Wannan ba zamba ba ce, amma ku tabbatar JPEG ɗin mai cikakken girma ne, ba tambarinsa a kai.

Ga lissafin girman: domin a wanke hoto ya fito da kyau ana son fiksel (ƙananan ɗigon da ke haɗa hoto) 300 a kowane inci. Hoto mai inci 8 da 10 yana buƙatar fiksel 2400 da 3000. Kyamara mai megafiksel 24 tana ba da 6000 da 4000, wanda ya isa har kusan inci 20 da 13. Hoton da aka turo ta WhatsApp ta hanyar da aka saba an matse shi, zai yi kyau a waya ya farfashe a bango. Ku karɓi aikinku ta mahaɗin saukewa ko a filas (ƙaramar ma'ajiyar USB).

A ƙasashe da yawa haƙƙin mallakar hoto na wanda ya ɗauka ne sai in yarjejeniya ta ce akasin haka. Don haka a rubuta cewa kuna da izinin wankewa da rabawa. Idan ba ku son fuskokinku ko na 'ya'yanku su fita a shafinsa na talla, a rubuta wannan ma tun kafin ranar. A ƙara da abin da zai faru idan ya yi rashin lafiya, wa zai maye gurbinsa, nawa za a mayar idan an ɗaga biki, da tsawon lokacin da zai ajiye muku hotunan.

Wajen kwatanta farashi, ku kwatanta abin da ke ciki: awa nawa, mutum nawa, da albam ko babu, shafi nawa. Araha ba ta ado, amma tsada ma ba shaida ba ce.

Shirin ranar

Ku rubuta jerin hotunan dangi da sunaye, kada ya wuce goma zuwa goma sha biyu. Kowane rukuni yana cin minti uku zuwa biyar, yawanci wajen nemo wanda ya ɓace, don haka rukuni ashirin zai cinye fiye da awa guda. A fara da tsofaffi da ƙananan yara a sallame su. Ku naɗa mutum ɗaya daga kowane ɓangare wanda ya san dangi kuma ana jin maganarsa, shi zai riƙa kiran mutane. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: idan akwai waɗanda ba sa ga maciji da juna, ko wanda ba ya son a ɗauke shi, ku gaya wa mai hoto tun da wuri. Hoton ango da amarya su kaɗai a ware masa minti ashirin zuwa talatin cikin awar ƙarshe kafin faɗuwar rana. Rana tsaka tana sa inuwa a ƙarƙashin ido, tana sa mutane su runtse.

Idan hoton iyali ne

Nan haƙuri ya fi kayan aiki muhimmanci. Ku nemi ganin aikinsa da yara masu shekarun naku, domin ɗan shekara biyu ba ya tsayawa, sai wanda ya iya wasa da shi kuma ya saita kyamara da sauri, kamar 1/250 na daƙiƙa ko mafi sauri. A sa lokacin bayan yaro ya yi barci ya ƙoshi, kuma kada zaman ya wuce minti 45 zuwa awa ɗaya. Ga jariri, hannun babba kada ya yi nisa da shi, kuma ku ƙi duk wani kwanciya ko zama da hankalinku bai kwanta da shi ba. Tufafi su dace da juna cikin launi biyu ko uku. A guji masu siraran layuka a matse, domin suna haifar da wani zane mai rawa a hoto. Ku gaya masa girman firem ɗin da kuke nufi: kyamara tana ɗauka a ma'aunin 3 da 2, idan za a wanke a inci 8 da 10 sai an yanke kashi ɗaya cikin shida na tsawon, don haka ya bar sarari a gefe kada a yanke kafaɗar wani.

Ranar da aikin ya iso, ku sauke shi duka nan take, domin mahaɗin saukewa yana da wa'adi. Ku duba su cikin mako guda, ku sanar da shi idan wani rukuni ya ɓace tun fayilolin suna hannunsa. Sannan ku yi kwafi uku: ɗaya a kwamfuta, ɗaya a ma'ajiya ta waje da za a ajiye a wani gida daban, ɗaya a ma'ajiyar intanet.