Yadda Ake Cin Abinci a Diner na Amurka Ba Tare da Ruɗewa Ba

Wanda ya sauka Amurka domin karatu ko aiki ko ziyara, ko ba jima ko ba daɗe zai tsinci kansa a ƙofar wani gidan abinci mai dogon kanta da kujeru masu juyawa, wanda ake kira diner. A kunnen Bahaushe sunan yana fita kamar "daina", alhali abin da aka san wurin da shi shi ne rashin dainawa, domin abincin karin kumallo ana samunsa da asuba, ana samunsa da la'asar, a wasu wuraren har tsakar dare. Asalinsa keken doki ne wanda Walter Scott ya fara sayar wa masu aikin dare abinci a cikinsa a 1872, a birnin Providence na jihar Rhode Island. Daga baya masana'antu a birnin Worcester na jihar Massachusetts da kuma jihar New Jersey suka riƙa ƙera gidajen ɗungurungum suna kai su inda za a girke su, shi ya sa tsofaffin suke da tsawo da ƙunci kamar taragon jirgin ƙasa. Abincin kansa ba shi da wuyar sha'ani. Abin da yake rikita baƙo shi ne tambayoyin da za a jero masa cikin sauri, don haka ya kamata ya shiga da amsoshinsa a hannu.

Kafin ka fita, ka duba lokacin rufewar wurin, domin tun bayan annobar korona ta 2020 da yawa daga cikin waɗanda suke kwana a buɗe sun rage sa'o'insu. Idan ka shiga, ka nemi allon da ke bakin ƙofa: ko dai ya ce ka jira a zaunar da kai, ko ya ce ka zaɓi wuri da kanka. Mai iyali ya nemi teburin jikin taga mai kujeru biyu masu fuskantar juna. Wanda ya zo shi kaɗai kuwa, ina ganin kanta ya fi masa, domin an fi saurin sallamarsa, kuma daga nan yana kallon mai suya yana aiki a kan faffaɗan ƙarfensa, kusan kamar zaman teburin mai shayi. Wannan kallon zai yi masa amfani nan gaba kaɗan.

Da zamanka za a ajiye maka ruwa cike da ƙanƙara, ko da kuwa ana tsananin sanyi, kuma kyauta ne. Idan ba ka son ƙanƙarar sai ka faɗa tun da wuri. Ma'aikaciyar za ta tambaye ka ko kana son gahawa, wataƙila ma ta kira ka "hon", wanda kalmar sakin fuska ce da take faɗa wa kowa, tsoho da yaro, ba ta da wata manufa. Kuɗin gahawa sau ɗaya ake biya a mafi yawan wurare, za ta yi ta zagayowa da buta tana ƙara maka, kuma in ka ƙoshi sai ka ɗora tafin hannu a saman kofin ka yi godiya. Shayi kuwa ba irin wanda ka sani ba ne, ruwan zafi ne da ganye a 'yar jaka, a jihohin kudu ma in ba ka ce mai zafi ba ana iya kawo maka mai sanyi da sukari.

Takardar jerin abincin tana iya kaiwa shafuka masu yawa, musamman a New Jersey da New York inda iyalan Girkawa suke riƙe da gidaje da dama, amma kada ka ɓata lokaci kana karanta ta daga farko zuwa ƙarshe. Ka fara da abin da aka fi sayarwa, wato ƙwai biyu da dankalin turawa da gasasshen burodi. Tambaya ta farko ita ce yadda kake son ƙwan, kuma a nan dole ka riƙe kalmomin da ake faɗa a wurin. "Sunny side up" shi ne a soya gefe ɗaya kawai, gwaiduwar tana kallon sama, ɗanya shar. "Over easy" a juya shi na ɗan lokaci, gwaiduwar tana zuba in an fasa ta. "Over medium" ta fara kamawa amma tsakiyarta da laushi. "Over hard" ta dahu sarai, kuma shi ne ya fi kusa da abin da yawancinmu muka saba. "Scrambled" a kaɗa shi a dagargaza, sai dai babu albasa babu attarugu, don haka mai son waɗannan ya nemi wainar ƙwai da kayan lambu, ya kuma miƙa hannu ga kwalbar yajin ruwa da ke kan tebur. Daga nan sai dankali: "hash browns" gogagge ne da ake soyawa har ya yi ƙamas-ƙamas, "home fries" kuma yankakke ne gutsi-gutsi, sau da yawa da albasa. A kudu ana iya ba ka "grits" a madadinsa, wato tsakin masara da aka dafa da kauri, ana cinsa da man shanu da gishiri. Tambaya ta ƙarshe ita ce irin burodin, fari ko na alkama mai duhu ko na hatsin da ake kira "rye".

Ga Musulmi, da duk wanda ba ya cin naman alade, a nan ne ake bukatar natsuwa, domin karin kumallon Amurka a kan wannan naman aka gina shi. "Bacon" da "ham" na alade ne, haka ma "sausage" in ba a ce na talo-talo ko na sa ba ne. Akwai kuma sunayen da ba sa nuna abin da ke ciki: "scrapple" a Pennsylvania, "Taylor ham" a New Jersey, da farar miyar da ake zuba wa biskit mai laushi a kudu, wadda ake haɗawa da niƙaƙƙen naman alade. A Waffle House, kamfanin irin waɗannan gidajen abinci da aka kafa a jihar Jojiya a 1955, idan ka ce a yi maka dankali "smothered" albasa za a sa, "covered" cuku ne, amma "chunked" gutsattsarin naman alade ne. Ko ka guje wa naman, ka tuna cewa a kan ƙarfe ɗaya ake soya kusan komai, kuma mai zaman kanta zai ga da idonsa yadda kitsen yake malalowa daga wannan gefe zuwa wancan. Ka roƙi a soya maka ƙwan a kasko daban da man shanu, kuma wurare da yawa za su yi, in ba lokacin cunkoson safiyar Lahadi ba ne. Naman sa da na kaza a irin waɗannan gidaje galibi ba yankan halal ba ne, don haka mai tsantseni ya tsaya ga ƙwai da kifi, ko waffle, wata wainar fulawa mai ramuka wadda take da nata injin gashi. Kek ɗin 'ya'yan itace da ke cikin gilashi ma a tambaya, domin wasu da kitsen alade suke kwaɓa ɓawonsa.

Farantin da za a kawo yana da girma, kuma ba abin kunya ba ne ka nemi kwali ka tafi da ragowar gida, haka kowa yake yi. Pancake, duk da kamar sunan, ba fanke ba ne, ya fi kama da sinasir a siffa, kuma guda biyu sun ishi mutum.

Sau da yawa za a ajiye maka takardar kuɗi kana tsakiyar ci, ba kora ba ce, al'adar wurin ce. Jimlar za ta ɗara farashin da ka gani saboda harajin saye da yawancin jihohi suke ƙarawa a ƙarshe. A kan wannan sai ka ɗora tukuicin ma'aikaciya, kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari, kuma kada ka ɗauke shi a matsayin ganin dama. Dokar tarayya ta yarda a biya mai karɓar tukuici dala 2.13 a awa, adadin da bai canja ba tun 1991, ko da yake wasu jihohi irin su Kalifoniya sun wajabta cikakken mafi ƙarancin albashi. Idan abincinka ya kama dala 15, ka bar dala 3, in kuma gahawa kawai ka sha aka yi ta ƙara maka, ka bar dala ɗaya ko biyu. A tsofaffin gidaje ana ɗaukar takardar a kai wurin mai karɓar kuɗi kusa da ƙofa, tukuicin kuma a bar shi a kan tebur, a danne da kofi. Wasu ƙananan wuraren har yau tsabar kuɗi kaɗai suke karɓa, don haka ka riƙe 'yan daloli a aljihu.