Yadda ake yi wa ƙananan mutum-mutumi fenti ba tare da an toshe musu fuska ba

Sojan robar da ke tafin hannunka tsayinsa milimita 28 zuwa 32 ne, bai kai ƙaramin yatsanka ba, amma yana da ido, da ɗamara, har da maɓallan riga. Irinsu ne kamfanin Games Workshop da ke Nottingham a Ingila yake ƙerawa don wasan yaƙi na kan tebur mai suna Warhammer, kuma tun 1987 yake shirya gasar Golden Demon inda gwanayen fenti ke gwada hannu. Abin da ke raba gwani da ɗan koyo ba tsadar burushi ba ne, kaurin fenti ne. Na farkon da na yi, sai ka ce a kunun tsamiya na tsoma shi: ba ido, ba hanci.

Fara da shara. Inda ɓangarori biyu na tukunyar zubi suka haɗu, akwai siririn layi da ke bin hannu da ƙafar sojan. Kankare shi da bayan reza, a hankali. Idan ka bar shi, fenti ba zai rufa maka asiri ba, ƙara fito da shi zai yi. Ka wanke da ruwan sabulu da tsohon burushin haƙori, ka bari ya bushe, sannan ka manna shi a kan murfin kwalba don ka samu mariƙi. Yatsa akwai maiƙo.

Sai share fage, wato fentin farko da sauran za su kama. Na fesawa ya fi sauƙi. Girgiza gwangwanin minti biyu, ka fesa a waje daga tazarar santimita 20 zuwa 30, kana gilmawa, ba ka tsaya wuri ɗaya ba. Ni baƙi na fi so, don duk lungun da burushi bai kai ba sai ya zama inuwa. Idan kana da fari, ɗan yayyafa shi daga sama kawai, kamar rana tsaka. Nan take za ka ga inda haske ya kamata ya sauka.

Yanzu aka zo wurin. Fentin akirilik ake amfani da shi, irin na kamfanin Vallejo na ƙasar Sifaniya ko na Citadel, kuma da ruwa ake sirka shi. Kada ka taɓa ɗiba daga kwalba kai tsaye zuwa jikin soja. Ɗiga kaɗan, ƙara ɗigon ruwa, ka gauraya har ya yi kamar madarar shanu, ba kindirmo ba. Gwada a farcen babban yatsanka: in ya bar tabon burushi, ya yi kauri, in ya gangara ya taru gefe, ruwa ya yi yawa. Shafin farko zai fito dabbare-dabbare, ranka ya ɓaci. Ƙyale shi. Bari ya bushe ka sake na biyu, rawaya da ja ma sai uku.

Ga mu da ke zaune inda hunturu ke busar da leɓe, fentin kan ƙafe kafin ka kai burushi sau biyu. Maganin yana kicin. Samu robar abinci mai murfi, shimfiɗa jiƙaƙƙen soso, ka ɗora takardar gashin kek a kai, ka riƙa zuba fentin a kanta. Danshin da ke tasowa daga ƙasa zai riƙe shi sa'o'i. Sojan da ke shanya kuma ka kife masa kofi, saboda ƙura.

Burushi lamba 1 ko 2 mai tsinin baki ya wadatar, har da ido. Mutane na rububin mai lamba sifili uku, alhali ba ya riƙe ruwa, yana bushewa a hanya. Kada fenti ya kai gindin gashin, nan ne yake sandarewa ya raba bakin gida biyu.

Bayan launukan sun zauna, kawo inuwa. Akwai fenti mai tsananin ruwa, baƙi ko ruwan ƙasa, wanda yake gangarawa cikin lunguna da kansa. Shafa, ka tsotse inda ya yi kududdufi da busasshen burushi. In ya bushe, ɗauki launin farko ka ɗan ƙara masa fari, ka bi wuraren da suka taso: kafaɗa, gwiwa, doron hanci. Gashi da sulke kuwa, goge burushin a tsumma har fentin ya kusa ƙarewa, ka share saman da sauri. Ka rufe da fentin kariya marar launi, marar ƙyalli.

Salonka kuma ba a bidiyo za ka tsince shi ba. Ɗauki sojoji biyar iri ɗaya, ka canza abu guda tak a kowanne: wannan inuwarsa shuɗi, wancan ruwan ƙasa, na uku hasken gefensa ya fi kaifi. Rubuta abin da ka haɗa a littafi, don gobe za ka manta. Jera su a tazarar hannu, inda mai kallo zai tsaya, ka ga wanda idonka ke komawa kansa. Ni a haka na gane shuɗin inuwa ne nawa. Na kunun tsamiyar nan ma yana nan a kan kanta, da kwanan wata a ƙasansa, kusa da na jiya.