Yadda ake komawa ga abincin tsirrai, da abin da ya kamata a ci ɗanye da wanda dole a dafa

Duk wanda ya ƙudurta rage nama ya mayar da tsirrai ginshiƙin abincinsa, ba zai daɗe ba zai haɗu da masu cewa wuta ce ke kashe amfanin abinci, saboda haka kada zafin abin da za a ci ya haura kimanin digiri 48 a ma'aunin Salshiyas. Wannan ra'ayi ba sabo ba ne, domin tun wajajen shekarar 1900 wani likita a birnin Zurik na ƙasar Suwizalan, Maximilian Bircher-Benner, yake ciyar da majinyatansa ɗanyun 'ya'yan itatuwa da ganyaye. Akwai gaskiya a maganar, amma ba dukanta ce gaskiya ba, kuma wanda bai rarrabe ba yana iya jefa kansa cikin wahala da sunan neman lafiya. Abin da bincike ya fi tabbatarwa shi ne amfanin yana zuwa ne daga yawan tsirran da mutum ke ci da bambancinsu, tare da raguwar abincin da aka sarrafa a masana'anta, ko an dafa tsirran ko ba a dafa ba.

Abu na farko shi ne sanin adadi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar baligi ya ci aƙalla giram 400 na kayan lambu da 'ya'yan itatuwa a kowace rana, wato kashi biyar na giram 80, kuma ba a lissafa dankali da rogo a ciki. Ayaba guda matsakaiciya ko tuffa guda kashi ɗaya ce. Hukumar ta kuma ce a samu aƙalla giram 25 na harza a rana, wato ɓangaren tsiro da ciki ba ya narkarwa, wanda ke sauƙaƙa bayan gida, yake kuma ciyar da ƙwayoyin halitta masu amfani da ke zaune a hanji. Hanya mafi sauƙi ta cimma wannan ba tare da sikeli ba ita ce a dubi faranti: rabinsa kayan lambu, rubu'i hatsin da ba a cire masa dusa ba, sauran rubu'in kuma wake ko danginsa. Idan za a fara rage nama, a fara da wanda aka sarrafa, irin su tsiran alade da naman gwangwani, domin a shekarar 2015 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar ta sanya shi cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa dajin hanji.

Kada a yi sauyin dare ɗaya. Cikin da bai saba da harza ba, idan aka cika shi da wake da ɗanyen kabeji lokaci guda, sai kumburi da iska su biyo baya, kuma a nan ne mutane da yawa ke yanke hukuncin cewa wannan abinci bai karɓe su ba, alhali gaggawa ce ta jawo. A fara da sauya cin abinci ɗaya a rana, a ƙara yawan ruwan sha, a ba hanji 'yan makonni ya saba, sannan a ƙara. Sannu ba ta hana zuwa.

Batun ɗanye da dafaffe kuwa yana bukatar a tsaya a kansa, domin nan ne ake yawan kuskure. Bitamin C da sinadarin folet, wanda wani nau'in bitamin B ne, ba sa jure zafi, kuma suna narkewa a ruwa. Wanda ya taɓa dafa ganye har ya yi laushi fiye da kima ya ga yadda ruwan tukunyar ke komawa kore yayin da ganyen ke dusashewa. Wani ɓangare na amfaninsa ya bi wannan ruwan da za a zubar. Don haka lemo, gwanda, tattasai mai zaƙi, kokwamba, latas da makamantansu a ci su ɗanye, ganyen da za a dafa kuma a turara shi na 'yan mintoci, a sauke tun yana da sauran ƙarfi da launinsa. 'Ya'yan itace kuma a tauna su ya fi a matse ruwansu, domin matsewa tana barin harzar a baya, sukarin ya shiga jini da sauri.

Amma akwai abincin da wuta ke buɗe amfaninsa. Sinadarin laikofin da ke ba tumatir jan launi ya fi shiga jiki idan an dafa tumatirin da ɗan mai, haka ma sinadarin da ke cikin karas wanda jiki ke mayarwa bitamin A, saboda zafi yana fasa bangon ƙwayoyin tsiron, mai kuma yana ɗauko sinadarin. Masu ra'ayin ɗanyen abinci kan ce dafuwa tana kashe sinadaran narkarwa da ke cikin tsiro, kuma gaskiya ne tana kashe su, sai dai jiki ba da su ya dogara ba: yana samar da nasa, na tsiron kuma ruwan ciki mai tsami yana narkar da mafi yawansu kamar kowane furotin.

Sannan akwai abin da cinsa ɗanye haɗari ne kai tsaye. Jan wake mai siffar ƙoda (kidney beans) yana ɗauke da guba da ƙwaya huɗu ko biyar ɗanye sun isa su jawo amai da gudawa cikin 'yan awoyi. A jiƙa shi aƙalla awa biyar, a zubar da ruwan jiƙon, a zuba sabo, a bar shi ya tafasa sosai na aƙalla minti goma kafin a rage wuta ya ƙarasa nuna, domin dafuwa a kan zafi kaɗan ba ta kashe gubar. Rogo ma, musamman mai ɗaci, yana ɗauke da sinadarin da ke sakin gubar sayanayid, don haka sai an fere, an jiƙa, an dafa. Dankalin Turawan da ya yi kore ko ya fitar da tsiro da yawa, a bar shi, domin tasa gubar dafuwa ba ta kawar da ita.

Tun da ɗanyen abu bai ratsa wuta ba, tsabta ce kaɗai kariyarsa. A wanke hannu, a wanke ganye ɗaya bayan ɗaya da ruwa mai tsabta, a ware wuƙa da katakon yanka na kayan lambu daban da na nama. Tsiron iri da ake fitarwa a cikin ɗumi da danshi ya fi komai haɗari: a shekarar 2011 ɓarkewar wata cutar hanji a Jamus, wadda aka gano tushenta a tsiron hulba, ta kashe mutane fiye da 50. Mai ciki, ƙaramin yaro, tsoho da mai raunin garkuwar jiki su dafa irin wannan tsiro kafin su ci.

Wanda zai bar nama, kifi, ƙwai da madara gaba ɗaya dole ya sha bitamin B12 ko ya ci abincin da aka ƙara masa shi, kuma ba na ganin akwai sassauci a wannan. Tsirrai ba sa samar da shi yadda za a dogara da su. Baligi yana bukatar kimanin maikrogiram 2.4 a rana, kuma da yake hanta na ajiye shi na shekaru, mutum kan daɗe yana jin garau kafin kasala, mantuwa da jin kamar ana tsira masa allura a tafin hannu da ƙafa su bayyana. Abin da ya ƙara tsananta lamarin shi ne yawan folet da ke cikin ganye yana iya ɓoye ƙarancin jinin da zai fallasa matsalar, alhali jijiyoyi na ci gaba da lalacewa. Sinadarin ƙarfe na tsirrai kuma ba ya shiga jiki da sauƙi kamar na nama, don haka a haɗa wake da ganye da abu mai bitamin C, kamar a matsa lemon tsami a kai, shayi da kofi kuma a jinkirta su zuwa bayan cin abinci da kamar awa guda.

Rayuwa a kan ɗanyen abinci zalla ba shawarar da zan ba kowa ba ce. Giram 100 na ɗanyen kabeji kalori 25 ne kawai, wato mai bukatar kalori 2,000 zai ci kilo takwas kafin ya cike bukatar yini. Wani bincike da aka yi a Jamus, aka wallafa a 1999, ya gano cewa kusan kashi 30 cikin ɗari na mata 'yan ƙasa da shekara 45 da suka daɗe a kan wannan tsari al'adarsu ta rikice ko ta ɗauke, ga kuma rama.

Game da tsawon rai, binciken da aka yi a kan mabiya ɗariƙar Kirista ta Adbentis a Amurka da Kanada, wanda aka wallafa a 2013, ya nuna mace-mace sun ragu da kashi 12 cikin ɗari a tsakanin marasa cin nama idan aka kwatanta da masu ci, kuma mutanen nan dafaffen abinci suke ci. Wani babban bincike na Jami'ar Oksfod a Birtaniya bai ga irin wannan bambanci a yawan mace-mace ba, amma ya ga raguwar ciwon zuciya, ya kuma ga ƙaruwar karayar ƙashi ga masu cin tsirrai zalla, abin da ke nuna a kula da samun isasshen furotin da kalshiyam da bitamin D.

Mai ciwon ƙoda, mai shan maganin ciwon suga da mai shan maganin hana daskarewar jini na Warfarin su tuntuɓi likita kafin su sauya abinci, domin yawan sinadarin fotashiyam da ke cikin tsirrai na iya cutar da na farko, sukarin na biyu na iya faɗuwa ƙasa idan ba a daidaita maganinsa ba, bitamin K da ke cikin koren ganye kuma yana rage ƙarfin maganin na uku. Wanda ya bar abincin dabbobi gaba ɗaya ya riƙa yin gwajin jini lokaci zuwa lokaci don a duba B12 da sinadarin ƙarfe.