Kurakuran da aka fi yi game da hasken gamma na manyan taurari masu kewaya juna

Ɗalibai da yawa idan suka ji an ce taurari biyu masu kewaya juna suna fitar da hasken gamma, wato nau'in haske mafi ƙarfi wanda ido ba ya gani, sai su ɗauka babban tauraron ne ya yi zafi har ya kai ga haka. Ba haka ba ne. Tauraro irin babban da ke cikin LS 5039, ɗaya daga cikin irin waɗannan taurari biyu-biyu, duk da zafinsa na dubban digiri, iyakacinsa ya fitar da haske mai launin shuɗi da wanda ya ɗan wuce shi. Zafi kaɗai ba ya haifar da hasken da ake aunawa da TeV, wato ma'aunin ƙarfin ƙwayar haske mai tsananin ƙarfi. Abin da ke faruwa shi ne, abokin tafiyarsa, wanda galibi ake kyautata zaton tauraron nutiron ne (ƙaramin ragowar tauraron da ya fashe) mai juyi da sauri, wato fulsa, yana hura iskar ƙwayoyin lantarki, babban tauraron shi ma yana hura tasa. Inda iskokin biyu suka yi karo, a nan ilektron ke samun gudu kusan na haske, sai su bugi ƙwayoyin hasken babban tauraron su ɗaga ƙarfinsu zuwa gamma. Babban tauraron kayan aiki yake bayarwa, ba shi ne maƙerin ba.

Kuskure na biyu ya fi damuna, domin har a rubuce-rubucen masu ilimi ana ganinsa: a yi magana kamar hasken yana fitowa daidai a kowane lokaci. Duk wanda ya ba da adadin ƙarfin hasken bai faɗi a wane matsayi na kewaye aka auna ba, bai faɗi komai ba. Dubi PSR B1259-63. Fulsa ce da ke juyawa sau ɗaya cikin kusan milisakan 48, tana kewaya tauraron LS 2883 cikin shekara 3.4. Mafi yawan lokacin shiru kake ji. Sai ta matso kusa, ta ratsa faifan iskar gas da ke kewaye da tauraron, sannan hasken ya tashi. Na'urorin hangen gamma na H.E.S.S. da ke Namibiya sun gan shi a 2004. Sai kuma a farkon 2011, wajen wata guda bayan mafi kusancin da aka yi a Disamba 2010, tauraron ɗan'adam na Fermi ya ga hasken ya yi wani irin tashi da babu wanda ya yi tsammani. Ba a lokacin mafi kusanci ba, bayansa. Wanda ya haddace cewa "kusanci shi ne ƙololuwa" zai rasa wannan gaba ɗaya.

LS 5039 kuma, da ke kammala kewaye cikin kwana 3.9, ta fi koyar da darasi. Hasken GeV, wato ma'aunin da TeV ya ninka sau dubu, yana ƙaruwa lokacin da abokin ya koma bayan babban tauraron daga inda muke kallo, na TeV kuwa a lokacin yake raguwa. Dalili biyu ne. Bugun ilektron da ƙwayar haske ya fi ƙarfi idan sun haɗu gaba da gaba, saboda haka kusurwar da muke kallo tana da tasiri. Sannan hasken TeV idan ya ratsa cikin hasken tauraron, yakan haɗu da shi ya rikiɗe ya zama ilektron da fozitron, wato kishiyar ilektron, ya ɓace kafin ya iso gare mu. Don haka kada ka haɗa GeV da TeV a jumla ɗaya kamar abu ɗaya ne. Ka ware su, ka faɗi wace na'ura ce ta auna.

A kan na'urorin ma akwai ruɗu. H.E.S.S. da MAGIC da ke tsibirin La Palma da VERITAS da ke Arizona ba sa ganin gamma kai tsaye. Iskar da ke lulluɓe da duniya tana tare shi. Abin da madubansu ke kamawa ɗan walƙiyar shuɗin haske ne da ake kira Cherenkov, wanda ke fita idan gamma ya bugi iska ya haifar da ruwan ƙwayoyi.

Akwai kuma gaggawar cewa abokin tafiyar "baƙin rami ne", wato abu mai tsananin nauyi da ko haske ba ya iya kuɓuce masa. An yi shekaru ana muhawara kan LS I +61 303, wadda MAGIC ta gano haskenta a 2006, mai kewaye cikin kwana 26.5. A 2022 aka bayyana cewa babbar na'urar rediyo ta FAST da ke Sin ta kama bugu duk milisakan 269 daga wajenta, abin da ya karkata hujja zuwa fulsa. Idan ba a tabbatar da abokin ba, ka rubuta "ƙaramin abu mai nauyi" kawai, ka tsaya a nan.

Kada kuma a cusa Eta Carinae cikin wannan rukuni. Tana fitar da gamma, tana kewaye cikin shekara 5.5, amma manyan taurari biyu ne iskokinsu ke karo, babu fulsa a ciki. Cygnus X-3 ita ma daban ce: a can abokin yana zuƙar gas daga tauraron yana harba shi a matsayin tsiri, kuma taurarin ɗan'adam na Fermi da AGILE sun ga haskenta a 2009, Fermi kuma ya gan shi yana bin kewayenta na awa 4.8.