Kurakuran da aka fi yi kan EGFR da sankarar ƙwaƙwalwa

A bangon ƙwayoyin jikinmu akwai furotin masu karɓar saƙon girma, kuma wanda ya fi suna a cikinsu shi ne EGFR. Idan sinadarin girma ya zo daga waje ya manne masa, sai ɓangarensa na ciki ya kunnu, ya umarci ƙwayar ta rabu gida biyu. Stanley Cohen, wanda ya gano wannan sinadarin girma mai suna EGF, ya sami kyautar Nobel a 1986. A sankarar ƙwaƙwalwa mafi tsanani ga manya, wato glioblastoma, wajen kashi 40 cikin 100 na masu ita ana samun kwafin ƙwayar gadon da ke ƙera EGFR ya ninku fiye da ƙima. Ɗaliban likitanci a Jami'ar Bayero da 'yan uwan majinyata a Asibitin Malam Aminu Kano duk suna cin karo da wannan suna, kuma kusan wuri ɗaya ake yin tuntuɓe.

Ɗalibai sukan ɗauka dole sai sinadarin girma ya yi yawa kafin ƙari ya yi girma. Ba haka ba ne. Akwai nau'in da ake kira EGFRvIII, wanda wani yanki na ɓangarensa na waje ya gutsure. Ba ya iya kama sinadarin, amma kullum a kunne yake, kamar makunnin fitilar da ya maƙale.

Iyalai kuwa, da sun ji an ce "canji a ƙwayar gado", sai hankali ya tashi a kan yara da batun aurensu. Wannan canji a cikin ƙarin kansa ya faru, ba daga iyaye aka gado shi ba, kuma ba a ɗaukarsa wajen jinya.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne na magani. Mutum zai karanta a intanet cewa erlotinib da gefitinib suna toshe EGFR, sai ya sayar da fili ya aika a sayo. Gaskiya ne magungunan suna taimakon wasu masu sankarar huhu, domin a can lalacewar tana ɓangaren ciki, daidai inda maganin ke kamawa. A ƙwaƙwalwa yawancin lalacewar tana ɓangaren waje. Ga kuma shingen da ke tsakanin jini da ƙwaƙwalwa, wanda ke hana magani da yawa shiga. Sannan ƙwayoyin ƙari ɗaya ba iri ɗaya ba ne: wasu sun dogara da EGFR, maƙwabtansu da wasu masu karɓar saƙon girma kamar PDGFRA ko MET. Ka toshe wannan, wancan ya ci gaba. Ko rigakafin rindopepimut da aka ƙera don EGFRvIII, an dakatar da babban gwajinsa a 2016 saboda bai ƙara wa majinyata kwana ba.

Haka bevacizumab, wanda aka fi sani da Avastin. Sinadarin VEGF mai tsirar da sababbin jijiyoyin jini yake kamawa, ba EGFR ba. Yana rage kumburi, hoton MRI ya yi kyau, har iyali su zaci an warke, alhali manyan gwaje-gwaje ba su nuna yana tsawaita rai ba.

Abin da aka tabbatar tun 2005 shi ne tiyata, sai gashin haske (radiotherapy) tare da maganin sankara mai suna temozolomide. Da aka haɗa wannan magani da gashin, matsakaicin rayuwa ya tashi daga wata 12.1 zuwa 14.6. Adadi ne mai ɗaci, rai kuma a hannun Allah yake, amma iyali suna da haƙƙin saninsa kafin su kashe abin da suka mallaka.

Kada kuma a yanke hukunci da hoto kaɗai. Ba kowane ƙari a ka ne glioblastoma ba. Meningioma, misali, yawancinsa ba mugu ba ne. A tabbatar an kai abin da aka ciro ɗakin gwaji, a karɓi sakamakon a rubuce, a tambayi likita sunan ƙarin da matakinsa, da ko an duba canji a ƙwayar gadon da ake kira IDH, domin tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya take amfani da shi wajen rarrabe glioblastoma da dangoginta.